Kiran Ranar Talata

Mutumin ya yi sallama sau biyu a bakin ƙofa kafin Charity ta ɗago kai. Dogo ne siriri, malafa rataye a bayan wuyansa, kuma ya tuɓe takalminsa ya bari a waje, duk da babu mai tuɓe takalmi a wannan ɗaki. Ofis dai ake ce masa don a faranta mata rai. Wani ɗan lungu ne a bayan wurin ba da magani na ƙaramin asibitin mata da yara da ke unguwar Ɗan Iya a Bauchi, tebur ɗaya, fanka mai kuka, sai kwamfutar da ke riƙe da bayanan duk jaririn da aka taɓa kawowa awo ko rigakafi. Charity ce ta gina rumbun bayanan nan da kanta, kuma kowa a asibitin ya san in kana son ganin ɓacin ranta, to ka taɓa mata shi.

Ya ce sunansa Hammajoda, daga wajen Zungur. Ta nuna masa kujera, ya tsuguna a gefen kujerar. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, aiki da gajiya da ruwa da mutanen gida, sannan ya zaro wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da roba, ya ajiye a bakin tebur a hankali.

"Malama, don Allah ki hana ta kira."

Da farko ba ta gane ba. Sai ya yi mata bayani, idonsa a ƙasa. Ɗansa Abdulhamid ya rasu tun farkon damina, zazzaɓi ne ya kama shi da yamma, kafin a yi wani abin kirki rai ya yi halinsa. Ko rarrafe bai gama koya ba. Amma har yanzu duk safiyar Talata wayar nan sai ta yi ƙara, a ce lokacin rigakafinsa ya yi, a kawo shi.

Charity ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi, don kiran nan aikinta ne, kuma shi ne abin da ta fi alfahari da shi a duniya. Ta ga yadda iyaye mata ke manta rana, kati ya jiƙe, saƙon rubutu ya shigo babu mai karantawa, sai ta sa kwamfuta ta riƙa kiran waya da baki. Muryar Sista Cecilia, babbar ma'aikaciyar jinya ta wurin, ita ke yin sallama ta ce daga asibiti ne, lokacin rigakafin wane ya yi. Wurin sunan ne ya ba ta wahala, domin in aka bar wa na'ura ta faɗi sunayen mutanenmu sai ka rantse zagi take yi. Dabarar da ta yi ita ce, ranar da aka yi wa jariri rajista, uwarsa ta faɗi sunansa a ɗauka, a riƙa saka muryarta a gurbin. Mata sun so abin ƙwarai, su ji muryarsu a waya su yi ta dariya. Kuma ta gina shi da naci, ba ya gajiya, duk Talata sai ya kira har ranar da aka shaida masa an yi allurar. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta me zai faru in babu yaron da za a kawo ba.

Ta ce masa ai da ya zo tun da wuri. Ya ce ya zo. Ya samu mai ɗakin kati, mutumin kirki, har ya yi masa ta'aziyya, kuma a gabansa ya cire sunan yaron. Talatar da ta biyo baya wayar ta sake kira.

Ta tambaye shi ko ba za su iya kashe wayar ran Talata da safe ba. Ya girgiza kai. Ita kaɗai ce waya a gidan, da ita dillalan shanu ke nemansa, kuma a kanta aka rubuta 'ya'yan ƙanensa biyu da suke zuwa rigakafi a nan. Ga shi ƙaramin bakin wayar ya mutu, sai lasifika, duk wanda ya ɗauka tsakar gida kaf sai ta ji. Ya murza bakin malafarsa.

"Ɗan fari ne," in ji shi. "Kuma sunan mahaifina ya ci."

Iyayen Charity mutanen Bogoro ne, amma a Bauchi aka haife ta, cikin Hausawa da Fulani ta girma, ba ta buƙatar ƙarin bayani. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, in ya yi kuka sai ta ce wa wata ta ɗauki yaron nan. Sunan suruki kuwa ko a mafarki ba ta furta shi. Yanzu ga matar Hammajoda, Fatu, wadda ta haɗiye kukanta ranar rasuwa saboda kunya, duk Talata tana zaune a tsakar gida tana jin muryar kanta tana kiran sunan nan, uwar mijinta tana ji, facalolinta suna ji. Hammajoda ya ce babu wanda ya ce mata uffan. Amma in kiran ya zo, sai ta ɗauki tulu ta tafi rafi ko da randuna a cike suke, ba ta dawowa sai rana ta take.

Ranar Litinin ce. Charity ta yi masa alkawari gobe wayar ba za ta kira ba, kuma ba za ta bar komai na yaron a cikin na'urar ba. Ya yi godiya da Fulatanci da Hausa, ya ɗauki wayarsa ya fita.

Yana fita ta nufi ɗakin kati kamar za ta ci babu. Joel, mai ɗakin, yana cin gyaɗa, ya ganta ya san yau akwai magana. Ya rantse ya goge, har ya juyo mata da allon kwamfutarsa ta gani, a nemi Abdulhamid Hammajoda babu shi. Ta ce ta sani, kuma wannan ɗin ce matsalar. Ta sha faɗa masa yaro ɗaya ba a wuri ɗaya yake zaune a rumbun ba. Akwai jadawalin sunaye, akwai na awo, akwai na allurai, akwai na kiran waya, akwai na muryoyi, kuma abin da ke haɗa su lamba ce guda da ake ba kowane yaro. Shi ya shiga jadawalin farko ya share layi ɗaya ya kakkaɓe hannu, sauran suna nan daram suna aikinsu. Kamar a tumɓuke turke ne a bar dabbobi da igiyoyinsu a wuya.

Joel ya ajiye gyaɗar. Ya ce shi taimako ya yi niyya, mutumin ya ba shi tausayi. Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tuna wa ya bar ƙofar a buɗe har aka iya share suna ba tare da sauran ba, ta ja bakinta ta koma lungunta.

Abin da ake bukata umarni ne guda, wanda zai bi lambar yaron cikin jadawalan nan duka ya ɗauke komai a tashi ɗaya. Ba ta yarda da sharewa ɗaya bayan ɗaya, don wutar Bauchi ba ta da alkawari, in ta ɗauke kana tsakiya sai ka bar rabi, ka koma gidan jiya. Ko duka su tafi tare, ko kada ko ɗaya ya motsa. Ta rubuta umarnin, kuma kamar yadda ta saba, ta fara sa shi ya nuna mata abin da zai share kafin ta sake masa hannu. Ya dawo mata babu komai. Dole, tunda daga jadawalin sunaye yake fara kamo lambar, sunan kuwa Joel ya riga ya kawar da shi.

Ta bi ta lambar wayar Hammajoda. Nan ta ga yara uku a kanta, biyu da suna, ɗaya babu, amma kasancewar ta san halin kuskure, ba ta yarda ta dogara da zato ba. In ta share wanda ba shi ba, yaro mai rai zai rasa kiransa, ya tsallake allurar ƙyanda, wanda ya rasu kuma a ci gaba da nemansa. Hanyar da za ta tabbatar ɗaya ce, ta saurari muryoyin. Ta sa igiyar sauraro a kunne.

Biyu na farko gajeru ne, wata mata mai fara'a ta faɗi Ikrima, ta faɗi Humaira, har da 'yar dariya a ƙarshe. Na ukun ne ya ba ta mamaki da tsawonsa. Abin da ake sakawa a kiran ɗan guntun ƙarshe ne kawai, amma na'urar ta ajiye duk abin da aka ɗauka tun daga farko.

Hayaniyar ranar awo ce ta fara fitowa, ana jan benci, ana kiran lamba. Sai muryar Sista Cecilia tana cewa, faɗi mana, sunansa kawai. Sista ta sake lallashi, ta ce layi ya yi tsawo, 'yata. Wata daga baya ta yi dariya ta ce Sista ki bar ta, ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba. Sista ta ce to kowa ya juya baya, ita ma za ta toshe kunne. Aka yi dariya. Daga nan sai wani ɗan sauti kusa da wayar sosai, jariri yana gwalan-gwalan da bakinsa, ya ja numfashi, ya yi atishawa, ya ƙyalƙyale da 'yar dariyar nan ta jarirai da ba ta da dalili. Bayan wannan ne wata murya ƙasa-ƙasa, kamar mai satar magana, ta ce, Abdulhamid.

Charity ta cire igiyar ta kifa kanta a kan tebur. Ita ba mai saurin kuka ba ce, amma wannan ya karya mata zuciya.

Da ta natsu ta gyara umarnin ya bi lambar kai tsaye. Yanzu ya nuna mata komai a jere: awon kowane wata, alluran da aka yi, wadda ta rage, kiran gobe da ke jiran safiya, da muryar. Maɓalli ɗaya ya rage. Ta ɗora yatsa, ta ɗauke. Tana iya share sauran ta bar muryar, amma wannan aikin Joel ne aka sake, a bar muryar mace tana yawo a na'ura ba da saninta ba, bayan an yi wa mijinta alkawarin ba za a bar komai ba. In kuma ta share, ta share abin da wataƙila babu irinsa a ko'ina, don macen da ba ta kiran sunan ɗanta ba za ta tsaya ɗaukar hotonsa ba.

Ta kira Hammajoda ta faɗa masa abin da ta ji. Ya ce ta goge, su ba sa ajiye irin wannan, Allah da ya ba su shi ya karɓi abinsa. Ta tambaye shi ko Fatu ta san akwai muryar yaron a ciki. Tana jin kukan shanu a bayansa. Can ya ce Fatu tana wajen Ƙofar Wambai da nono, ba ta tashi sai bayan la'asar. Bai ce ta je ba, bai kuma ce kada ta je ba.

Ta zura ƙaramar kwamfutarta a jaka ta tari keke napep.

Masu nono suna zaune a inuwar wani dogonyaro, ƙorai a gabansu an rufe da faya-fayai. Ta tambayi Fatu matar Hammajoda, aka nuna mata wata yarinyar mace a can ƙarshe, wadda ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, tana dama wa wani fura ba ta ko kallonsa. Charity ta jira ya tafi, ta tsuguna ta gaishe ta, ta yi mata gaisuwar rashi. Fatu ta amsa da cewa sai haƙuri, kamar ana maganar ɗan maƙwabta. Da ta ji daga asibitin Ɗan Iya take, sai hannunta ya tsaya a kan ludayi.

Charity ta roƙe ta su ɗan koma gefe. Suka zauna a dakalin wani shago da ke rufe, inda sauran matan ba za su ji ba. Ta faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye: ita ce ta gina kiran, ta zo ta kashe shi, gobe ba zai zo ba. Sai dai akwai abin da ba ta son ta share sai mai shi ta sani. Ta miƙa mata igiyar.

Fatu ta waiga wajen abokan sana'arta, ta ja mayafinta ta rufe kai da kunnuwa, sannan ta sa. Charity ta danna, ta kau da kai tana kallon masu wucewa, kamar yadda matan ranar awo suka juya baya. Ba ta ji kuka ba. Abin da ta gani ta gefen ido kawai, yatsun ƙafar Fatu sun dunƙule cikin takalminta, sun daɗe a haka.

Da ya ƙare Fatu ta ce a sake. Aka sake. Wannan karon, da aka zo wurin atishawar, wani abu ya kuɓuce mata daga maƙogwaro, rabinsa dariya. Ta ce mura yake yi ranar, ita ce ta fito da shi da sassafe ba hula.

Ta tambayi me kuma ke ciki. Charity ta karanta mata awonsa wata bayan wata, yadda nauyin ke hawa. Fatu ta gyaɗa kai, ta ce ai yana da ci, mutane suna cewa bai yi kama da ɗan Fulani ba don ƙiba. Ita ba ta taɓa tanka musu ba. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, kuma Charity ta gane wannan ne karo na farko da matar nan ta yabi ɗanta a gaban wani.

Sai Charity ta kawo shawarar da ta taho da ita tun daga keke. Tana iya yanke wurin muryar yaron kaɗai, ba tare da sunan ba, ta sa mata a waya ta ajiye. Fatu ta yi ɗan murmushi. Ta ce wace wayar? Waya ɗaya ce a gidan, kuma ba ta iya magana a hankali. Charity ta ce to ta ajiye mata a wurinta, duk ranar da ta shigo gari ta biyo ta saurara.

Fatu ta daɗe tana juya igiyar a hannunta.

"Anti, in na san yana Ɗan Iya, kullum ƙafata can za ta kai ni. Nonon ma ba zan sayar ba." Ta miƙa mata igiyar. "Ranar da aka ɗauke shi, duka aka ɗauke shi. Ba a bar mini hannu ko ƙafa ba. Ki haɗa shi wuri ɗaya ya tafi."

Charity ta so ta yi gardama, don ita a ganinta asara ce, kuma har ranta ba ta so. Amma murya ba tata ba ce, ɗa ba nata ba. Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta, ta haɗa ta da rumbun asibiti ta wayarta, ta sake duba lambar da kyau, ta tabbatar Ikrima da Humaira ba sa cikin abin da za a taɓa. Ta juyo da allon ta nuna wa Fatu layukan, ko da yake ta san ba karantawa za ta yi ba. Fatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ta ce bismillah.

Charity ta danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ta sake neman lambar a jadawalin awo, babu, a na allurai, babu, a na kira, babu, a na muryoyi ma babu.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Gobe ba wanda zai faɗa?"

"Ba kowa."

Fatu ta gyara mayafinta ta miƙe. Charity ta rufe kwamfutar tana sa ta a jaka, ta ɗauka an gama. Sai ta ga matar ba ta tafi ba, tana tsaye ta ba masu nono baya, fuskarta wajen bangon shagon. Ta buɗe baki, ba da raɗa ba irin ta ranar awo, da cikakkiyar murya, yadda uwa ke kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi.

"Abdulhamid."

Babu abin da ke ɗauka a wannan karon, kuma Charity ba ta ɗago kai ba. Fatu ta share fuskarta da bakin mayafi, ta koma gindin dogonyaro inda wani ke tsaye yana jiran a dama masa fura, ta zauna ta buɗe faifai.